Ƙauna Iri Nawa Ce? Nazari a kan So, Ƙauna da Sha'awar Ɗan Adam

Kusan kowace shekara, in muka kai ga 1 Korintiyawa sura 13 a ajin Sabon Alkawari, akan sami ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce shi ya riga ya san darasin. Helenawa suna da kalmomi huɗu, in ji shi: eros, wato sha'awar da ke tsakanin namiji da mace, sitorge, ƙaunar iyaye da 'ya'ya, filiya, ta abokai, sai kuma agafe, ƙaunar Allah. Ukun farko na duniya ne, ta huɗun ta sama ce. Ba ma ganin laifin ɗalibin, gama mu kanmu mun yi wannan wa'azi a wurin ɗaurin aure fiye da sau ɗaya, jama'a kuma suka ji daɗinsa domin yana da sauƙin riƙewa. Amma ranar da mai hidima ya ɗauki koyarwar nan ya shiga da ita inda dattawa suke zaune a kan maganar yarinyar da aka ɓata, ko inda mace take kuka a kan mijin da ya rantse yana ƙaunarta, zai tarar sanda ce da ba ta ɗaukar nauyi. Saboda haka bari mu sake duba ta da Littafi Mai Tsarki a buɗe.

Inda rabon nan ya fito

Kalmomin huɗu na Helenanci ne da gaske, amma jera su kamar tsani aikin 'yan baya ne. Wani masanin tauhidi ɗan ƙasar Suwidin, Andas Nigiren, wanda daga baya ya zama bishop, ya fitar da babban littafi kashi biyu a 1930 da 1936, inda ya sa agafe da eros suka zama abokan gaba. A ganinsa eros ƙauna ce mai hawa sama tana neman abin da za ta samu, agafe kuwa mai saukowa ce tana bayarwa ba tare da duba darajar wanda ake ba ba, kuma ba sa haɗuwa. A 1960 marubucin Ingila C. S. Luwis ya wallafa ƙaramin littafinsa a kan ƙauna iri huɗu, shi ne kuma ya kai zancen ga talakawan ikkilisiya. Sai dai Luwis ya fi masu maimaita shi hankali. Bai raina ukun farko ba. Gargaɗinsa shi ne, kowace cikinsu takan zama aljani ranar da aka ɗora ta a kujerar Allah. Wannan gargaɗi gaskiya ne, za mu koma kansa.

Abin da Nassi yake yi da kalmomin

Abu na fari, kalmar eros ba ta cikin Sabon Alkawari ko sau ɗaya. Sitorge ma ba ta fito ita kaɗai ba, sai a haɗe da wata: a Romawa 1:31 da 2 Timoti 3:3 an ambaci marasa ita cikin jerin masu mugunta, a Romawa 12:10 kuma an haɗa ta da filiya aka umarci masu bi su nuna wa juna ita. Ke nan kalmomi biyu ne suka rage a hannunmu, su ma kuwa ba su tsaya inda aka ajiye su ba.

Ga aikatau ɗin da ya haifi agafe. Da shi Yahaya 3:16 ya faɗi yadda Allah ya ƙaunaci duniya. Ayoyi uku kawai a gaba, a 3:19, da shi ɗin ne aka faɗi yadda mutane suka ƙaunaci duhu fiye da haske. Da shi Yesu ya tsauta wa Farisiyawa a kan son manyan kujeru a majami'a (Luka 11:43). Da shi Bulus ya ba da labarin Dimas, abokin aikinsa wanda ya yashe shi saboda ƙaunar wannan zamani (2 Timoti 4:10). In da agafe tana nufin ƙauna mai tsarki a ko'ina, da sai mu ce Dimas ya ƙaunaci duniya da ƙaunar Allah.

A ɗaya gefen kuma, aikatau ɗin filiya, wanda aka ce na ƙasa ne, da shi Yahaya 5:20 ya faɗi yadda Uba yake ƙaunar Ɗan, alhali a 3:35 an faɗi wannan magana da ɗaya kalmar. Da shi aka ce Uba kansa yana ƙaunar almajirai (16:27). Li'azaru ma da kalmomin biyu aka faɗi ƙaunar da Yesu yake yi masa cikin sura guda (11:3 da 11:5). Bulus kuwa, da zai la'anci wanda ba ya ƙaunar Ubangiji a 1 Korintiyawa 16:22, wannan ta abokai ya ɗauka.

Wannan ya shafi wa'azin da muke yi a kan Yahaya 21:15-17. Gaskiya ne cewa sau biyu Yesu ya tambayi Bitrus da kalmar agafe, Bitrus yana amsawa da ta filiya, a karo na uku kuma Yesu ya yi amfani da kalmar Bitrus. Da yawa sun gina wa'azi a kan cewa Yesu ya sauko ne zuwa ƙaramar ƙaunar Bitrus. Amma a cikin ayoyin nan uku Yahaya ya canza kalmar tumaki, ya canza kalmar kiwo, ya canza kalmar sani, ba wanda ya gina koyarwa a kansu. Al'adarsa ce ta rubutu. Nassin kansa ya faɗi abin da ya ɓata wa Bitrus rai: an tambaye shi sau uku, shi da ya yi musun sani sau uku, a gefen wutar gawayi kamar ta wancan dare. Wannan ba sabon ra'ayi ba ne. Tun ƙarni na 5 Agustin ya duba ayoyin nan ya nuna cewa Nassi ba ya ware kalma ɗaya ga ƙauna mai kyau, ɗaya kuma ga marar kyau.

Ibrananci ya fi sauƙi a nan, gama kalma ɗaya ce, ahab, take ɗaukar kusan dukan kayan. Ishaku ya ƙaunaci Rifkatu matarsa, ya ƙaunaci Isuwa ɗansa, ya kuma ƙaunaci farfesun naman jeji (Farawa 24:67, 25:28, 27:4), duk da kalma guda, ita ce kuma aka umarci Isra'ila su ƙaunaci Allah da maƙwabci da baƙo da ita. Akwai wasu biyu da ya kamata mai wa'azi ya riƙe. Hesed ita ce ƙauna mai riƙon alkawari, irin ta Rut ga Na'omi, irin wadda kowace aya ta Zabura 136 take yabo. Rahamim kuwa tausayi ne, ta fito daga kalmar mahaifa. Tushenta ɗaya da kalmar rahama da Hausa ta aro daga Larabci, abin da zai taimaki wanda yake hira da maƙwabcinsa Musulmi.

Hausa ma haka take. A ikkilisiya mun saba ware ƙauna ga Allah mu bar so da soyayya ga samari da 'yan mata, amma a bakin mutane ba katanga tsakaninsu. Uwa tana son ɗanta, mai rowa yana ƙaunar kuɗinsa. Kalma ba ta gaya mana ko ƙauna mai kyau ce. Sai mun duba abin da ake ƙauna, da matsayin da aka ba shi, da abin da ƙaunar take yi wa wanda ta faɗa kansa.

Gida ɗaya, ƙauna huɗu

Ba mu san wurin da ya nuna wannan kamar 2 Sama'ila sura 13 ba. Sura ce da masu wa'azi suke tsallakewa saboda kunya, mu kuwa muna ganin bai kamata ɗalibi ya bar makarantar nan bai zauna a kanta ba.

Surar ta fara da cewa Amnon, ɗan farin Dawuda, ya ƙaunaci Tamar, 'yar'uwarsa uba ɗaya. Kalmar ahab ce. Yahudawan da suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci kafin zuwan Almasihu, a fassarar da ake kira ta Saba'in, da kalmar agafe suka fassara ta a nan. Son ya kai shi har ga ramewa. Ya kwanta ciwon ƙarya, ya roƙi mahaifinsa a aiko Tamar ta yi masa waina a gabansa, ya kori kowa daga ɗakin. Tamar ta yi magana mai hankali: ta tuna masa ba a yin haka a Isra'ila, ta tambaye shi inda za ta kai kunyarta, ta nuna masa abin da shi kansa zai zama, har ta ce ya nemi sarki. Bai saurara ba. Ya fi ta ƙarfi ya yi mata fyaɗe. Aya ta 15 ita ce zuciyar labarin: nan take ya ƙi ta, ƙiyayyar kuma ta fi son da ya yi mata a dā. Ya sa baransa ya fitar da ita ya kulle ƙofa, bai ko kira sunanta ba.

Me ya sa so ya juye ƙiyayya cikin sa'a guda? Domin tun farko ba Tamar yake so ba. Abin da zai ji a jikinsa yake so, ita kuwa ƙwarya ce kawai da abin yake ciki. Da ya shanye, ƙwaryar ta zama shaida a kansa, ba ya son ganinta. A gwada shi da Yakubu, wanda ya yi bautar shekara bakwai domin Rahila suka zama masa kamar 'yan kwanaki (Farawa 29:20). Dukansu biyu sha'awa tana cinsu, kada mu ce Yakubu ba ya jin komai. Amma ta Yakubu ta iya jira, ta iya biyan farashi da guminta. Ta Amnon ba ta iya jin a'a ba, farashin kuma a kan yarinyar ta ɗora shi.

Akwai kuma abota a surar. Yonadab, ɗan wan Dawuda, an kira shi abokin Amnon, an kuma ce mai wayo ne ƙwarai. Shi ya lura abokinsa yana ramewa, ya tambaye shi damuwarsa, abin da aboki nagari yakan yi. Sa'an nan ya shirya masa dabarar. Abota ce ta gaske, da kulawa da riƙon asiri, ta kuwa zama hanyar hallaka. Yonatan ma abokin Dawuda ne, amma shi ya je jeji ya ƙarfafa shi cikin Allah (1 Sama'ila 23:16).

Sai ƙaunar uba. Dawuda ya ji labari ya husata ƙwarai, daga nan bai yi komai ba. Fassarar Saba'in, tare da wani tsohon kwafin Ibrananci da aka samu a kogunan Kumran, ta ƙara dalilin a aya ta 21: bai so ya ɓata wa Amnon rai ba domin yana ƙaunarsa, gama ɗan farinsa ne. So hana ganin laifi, in ji Hausawa. Tamar ma 'yarsa ce, amma ƙaunar ɗan fari ta rufe masa ido. Absalom wanta kuwa ya ɗauke ta zuwa gidansa, ya ce ta yi shiru. Ya ƙaunace ta, har ya raɗa wa 'yarsa sunanta (14:27). Amma ƙaunarsa ta ruɓe ta zama ƙullin zuciya na shekara biyu, ta ƙare da kisan Amnon a wurin bikin sausayar tumaki, daga can kuma hanya ta miƙe zuwa tawayen da ya kori Dawuda daga Urushalima.

Kowa a gidan nan yana ƙaunar wani. Ba wanda za a ce masa marar ƙauna. Duk da haka aka bar Tamar da toka a ka da yagaggiyar riga, tana zaman kaɗaici a gidan wanta. Sunan Allah kuwa bai fito ko sau ɗaya a surar ba.

Sha'awa ba abokiyar gaba ba ce

Wanda ya karanta wannan zai iya cewa maganin shi ne a kashe sha'awa. Da yawa cikin wa'azinmu ga matasa haka yake nufi ko bai faɗa ba. Nassi bai bi wannan hanya ba.

Kalmar Ibrananci da doka ta goma ta hana, hamad, wato ƙyashin abin maƙwabci (Fitowa 20:17), ita ce aka yi amfani da ita tun kafin faɗuwa, inda aka ce Allah ya tsiro da itatuwa masu ban sha'awa a gonar Aidan (Farawa 2:9). Ita ce a 3:6, inda Hawwa'u ta ga itacen abin marmari ne. Ita ce kuma a Zabura 19:10, inda aka ce shari'un Ubangiji sun fi zinariya zama abin marmari. Haka kalmar Helenanci efitumiya. Yakubu 1:14-15 ya kwatanta ta da mace mai ɗaukar ciki ta haifi zunubi, zunubi kuma ya girma ya haifi mutuwa. Amma da ita Yesu ya faɗi marmarinsa na cin Jibin Ƙetarewa da almajiransa (Luka 22:15), da ita Bulus ya faɗi begensa na tafiya ya zauna da Almasihu (Filibiyawa 1:23), da ita kuma aka yabi mai burin aikin kula da ikkilisiya (1 Timoti 3:1).

Ke nan Allah ne ya halicce mu masu yunwa da ƙishi da bege. Wuta ce. A murhu tana dafa tuwo, a jinka tana cinye gari, wutar kuwa ɗaya ce. Waƙar Waƙoƙi tana cikin Littafi Mai Tsarki, ba kuma bisa kuskure ba. Karin Magana 5:18-19 ya umarci miji ya yi farin ciki da jikin matar ƙuruciyarsa. Bulus ya kira hana aure da hana abinci koyarwar aljannu (1 Timoti 4:1-5), ya kuma ce dokokin azabtar da jiki suna da kamar hikima amma ba su da ikon hana sha'awar jiki (Kolosiyawa 2:20-23). Mun sha ganin ma'auratan da aka yi wa tarbiyya da cewa duk abin da ya shafi jiki ƙazanta ne, suka shiga aure da wannan nauyi, shekaru suna wucewa suna jin kunyar abin da Allah ya sa wa albarka, ba kuma wanda za su gaya wa. Wani ɓangare na laifin a bagadinmu yake.

Amma akwai wani abu game da sha'awar mutum wanda ba a gani ga dabba. Akuya in ta ƙoshi sai ta kwanta. Mutum yakan samu abin da ya daɗe yana nema, bayan kwana kaɗan ya ji kamar ba shi ba ne. Mai Hadishi ya gwada wannan har ƙarshe: gidaje, gonaki, dukiya, mawaƙa, mata, bai hana idonsa komai ba, ya fito hannu wofi (sura 2). Ya ce mai son kuɗi ba ya ƙoshi da kuɗi (5:10), ya kuma ba da dalili, wato Allah ya sa dawwama a zuciyar mutum (3:11). Ramin ya fi ƙarfin abin da muke zubawa a ciki. Irmiya 2:13 ya ba zunubin suna: barin maɓuɓɓugar ruwa mai rai, a haƙa tafkunan da suke yoyo. Lura, ba a zargi mutanen da jin ƙishi ba. Wurin da suka kai tulunsu ne laifin. A bakin rijiyar Samariya ma Yesu bai ce wa mai maza biyar ta daina jin ƙishi ba, wani ruwa ya yi mata tayi.

Abin da Agustin ya gani

Ba wanda ya yi tunani a kan wannan kamar Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya rasu a 430 yana bishop na Hippo. Bai koyi darasin a littafi ba. Ya zauna da wata mace fiye da shekara goma ba aure, suka haifi ɗa. Da burin ɗaukaka ya kai shi Milan a Italiya, aka raba shi da ita domin a sama masa auren da ya dace da matsayinsa, ya kuwa kasa jira, ya ɗauki wata. Shi da kansa ya ba da labarin yadda yakan roƙi Allah tsarki amma yana cewa kada ya zo tukuna. An yi masa baftisma a 387.

Koyarwarsa ita ce, duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne, zunubi kuwa ƙauna ce da ta ɓata jerinta: a ƙaunaci ƙarami kamar babba, a nemi wurin halitta abin da Mahalicci kaɗai zai iya bayarwa. Ya tuna mutuwar wani amininsa na ƙuruciya da yadda duniya ta yi masa baƙi, ya gane cewa ya ƙaunaci mai mutuwa kamar wanda ba zai mutu ba. Abotar ba laifi ba ce, nauyin da ya ɗora mata ne ya fi ƙarfinta. A babban littafinsa na Birnin Allah, wanda ya fara bayan an washe Roma a 410, ya ce ƙauna biyu ne suka gina birane biyu: son kai da ya kai ga raina Allah, da ƙaunar Allah da ta kai ga sadaukar da kai. Martin Luta ya bi wannan sawu a Babbar Katikisma ta 1529, inda ya koyar cewa duk abin da zuciyar mutum ta rataya a kai ta dogara gare shi, shi ne allahnsa.

A wuri ɗaya mun rabu da Agustin. Tabon rayuwarsa ta dā ya sa yana zargin sha'awar jiki ko a cikin aure, ikkilisiyar Yamma kuma ta gaji wannan zargi na ɗaruruwan shekaru. A nan Waƙar Waƙoƙi da Ibraniyawa 13:4 sun fi shi gaskiya. Mun kuma rabu da Nigiren, wanda ya zargi Agustin da gauraya agafe da eros. In ƙaunar Allah ba ta da bege ko kaɗan, me za mu yi da annabi Yusha'u, wanda wasu fassarori suke kira Hosiya, inda Allah yake magana kamar mijin da aka ci amanarsa, kamar uban da zuciyarsa ta kasa sakin ɗansa (11:8)? Me za mu yi da Ishaya 62:5, inda yake murna da jama'arsa kamar ango da amarya? Abin da ya bambanta ƙaunar Allah a aikinta ake ganinsa. Ya zaɓi Isra'ila ba domin yawansu ba (Maimaitawar Shari'a 7:7-8), Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi (Romawa 5:8). Gicciye ne ya cika kalmar agafe da ma'anar da muke ji a 1 Korintiyawa 13, kalmar ba ta zo da ita daga kasuwar Helenawa ba.

A cikin hidima

In matsalar jeri ce, to aikinmu ya fi hani yawa. Wani mai wa'azi ɗan Sikotilan, Tomas Calmas, wanda ya rasu a 1847, ya yi sanannen wa'azi a kan cewa ba a fitar da tsohuwar ƙauna daga zuciya da nuna muninta kawai, sai wata sabuwa da ta fi ta ƙarfi ta shigo ta ture ta. Yesu ya riga ya faɗi haka a misalin gidan da aka share aka bari ba kowa, aljanin ya dawo da bakwai (Matiyu 12:43-45). Saurayin da ya zo yana kuka a kan hotunan batsa a wayarsa ya riga ya san abin mugu ne, shi ya sa ya zo. In muka ƙara masa tsoro kaɗai zai yi mako biyu ya koma. Sai a tambaye shi lokacin da abin yakan kama shi. Sau da yawa za a tarar kaɗaici ne, ko zaman banza, ko baƙin cikin rashin aiki, jiki kuwa ƙofa ce kawai. Yana bukatar tuba, yana bukatar ɗan'uwan da zai riƙa tambayarsa gaskiya, yana kuma bukatar wani abin da zai ƙaunata ya tashi dominsa da safe.

Ga 'yan matan zumuntar matasa, labarin Amnon ya fi dogon gargaɗi amfani. Wanda ya ce in kina sona ki yarda, ya riga ya faɗi irin son da yake yi. A koya musu su duba ko yana iya jin a'a bai husata ba, ko yana so a san shi a gidansu, ko kullum keɓewa yake nema.

Amma wurin da muka fi faɗuwa, mu shugabanni, zunubin Dawuda ne. Ba wanda yake jin kunyar ƙaunar ɗansa ko danginsa, shi ya sa take wucewa ba bincike. In wanda ya ɓata yarinya ɗan dattijo ne, ko ɗan mai ba da baiko mai tsoka, ko ɗan ƙabilarmu, nan da nan sai a ji ana maganar rufin asiri da sunan ikkilisiya. A sa yarinyar horo a kujerar baya, yaron kuma a tura shi wani gari. Mun taɓa zama a irin wannan majalisa muna matasan fastoci, muka yi shiru domin manya suna wurin, har yau abin yana damunmu. Aka kira shi ƙauna da haƙuri, alhali abin da aka gaya wa Eli ne, cewa ya girmama 'ya'yansa fiye da Allah (1 Sama'ila 2:29). Inda aka yi fyaɗe, laifi ne a gaban Allah da gaban hukuma, ba kuma aikin majalisar dattawa ba ne ta ɓoye shi. Haka kuma lokacin zaɓen shugabanni, in naka sai naka ta shigo, zumunci ne mai kyau ya hau kujerar da ba tasa ba. Yesu bai rushe ƙaunar iyali ba: ya tsauta wa masu fakewa da baiko su ƙi taimakon iyaye (Markus 7:9-13), yana kan gicciye ma ya damƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa. Matsayi na biyu ya ba ta (Matiyu 10:37), a can ne kuma take da lafiya.

Mai hidima yana da tasa sha'awar da ba a cika ambata ba. Akwai daɗin a ce wa'azinka ya taɓa ni, da daɗin zama wanda kowa yake bukata, da begen a kai ka babbar ikkilisiya a birni. Burin aikin kula da ikkilisiya abu ne mai kyau, amma Diyotarifis ma buri gare shi, na son zama na fari (3 Yahaya 9), daga waje kuwa su biyun kama ɗaya suke. Akan gane bambancin ranar da aka yabi wani, ko ranar da takardar canjin wurin aiki ta nuna ƙauye. Nan ma ya kamata a faɗi maganar shawara tsakanin fasto da matar da take cikin damuwa. Abin ba ya farawa da mugun nufi. Da tausayi na gaske yake farawa, sai jin daɗin cewa ita ta fahimce ka fiye da ta gida, sai saƙon waya da dare. Tausayi da sha'awa maƙwabta ne, katangarsu kuma gajera ce. Shi ya sa muke cewa a bar ƙofa a buɗe, a sa matar fasto ko wata dattijuwa a ciki tun daga zama na farko, ba sai an ji ƙaurin hayaƙi ba.

Kafin haɗuwa ta gaba, kowane ɗalibi ya karanta 2 Sama'ila 11 zuwa 13 a zama ɗaya, ya lura da abin da 'ya'yan Dawuda suka gani a gidan ubansu kafin sura 13. Sa'an nan ya rubuta shafi biyu a kan abin da zai faɗa, da wanda zai fara zuwa wurinsa, in Tamar 'yar ikkilisiyarsa ce, Amnon kuma ɗan shugaban dattawa.